Daga 555 zuwa 655: yadda na rushe tsarin karatun GMAT ɗina na sake gini

A jarrabawar GMAT ba a jiran sakamako. Kana gama sashen ƙarshe, kafin ka tashi daga kujera makin ya fito a allon kwamfuta. Ni abin da ya fito mini a karon farko 555 ne. Na daɗe ina kallon lambar nan kafin in iya ɗaga hannu mai kula da ɗakin ya zo ya fita da ni. Wata uku cur na yi ina karatu, kusan kullum, bayan na taso daga aiki a gajiye. Makarantun da na sa wa ido domin digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, kuwa, in ka duba makin ɗaliban da suke ɗauka, 555 ko kusa da ƙofa ba ta kai ba.

Ga wanda bai san jarrabawar ba, hukumar GMAC ce mai ita, kuma makarantun koyon harkar kasuwanci da gudanarwa a ƙasashe da dama suna duba makinta kafin su ɗauki ɗalibi. A ƙarshen 2023 aka fito da sabon salonta, aka daina tsohon a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin bayanai mai tambaya 20. Kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, jimilla kuma daga 205 zuwa 805. Wannan sauyin ma ya ci ni. Littafin da na fara da shi na aro ne, na tsohon salo, ban kuwa bincika ba. Na ɓata makonni ina haddace ƙa'idojin kusurwoyi da da'ira da gyaran jimlolin Turanci, alhali duk an cire su daga jarrabawar, har da rubutun insha'i. Sai da na yi gwajin farko a shafin hukumar na gane. Wannan laifina ne, minti goma na karanta bayanin jarrabawar da ya ishe ni.

Kwana huɗu bayan jarrabawar na kira yayan wani abokina, wanda ya yi MBA shekarun baya. Na zayyana masa irin wahalar da na sha, na ce na amsa tambayoyin gwaji sun haura dubu.

Ya ce, "To madalla. A cikin dubun nan, nawa ka faɗi?"

Na ce, "Yaya, za su kai ɗari uku ko fiye."

"Ɗauko guda ɗaya yanzu, ka gaya mini abin da ya sa ka faɗe ta."

Na buɗe littafin, na ga jan biro a gefen wata tambaya, na karanta ta, na rasa abin cewa. Na san na duba amsar a bayan littafi a lokacin, na gyaɗa kai, na wuce. Da za a sake ba ni ita a wannan daren, da wuya in ci. Ya ce, "Ƙanena, ka yi aiki, ba na musu. Amma ka yi ta zuba ruwa ne a kwando. Kada ka sake buɗe sabon babi sai ka san inda kake yoyo."

A makon ne cikakken rahoton sakamakon ya iso, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Rahoton yana nuna makin kowane sashe, nawa 78 ne a lissafi, 80 a fahimtar rubutu, 74 a nazarin bayanai. Yana kuma nuna tsawon lokacin da mutum ya ɓata a kan kowace tambaya da ko ya ci ta ko bai ci ba. A lissafi na ga tambaya ta shida ta cinye mini sama da minti biyar, kuma duk da haka na faɗe ta. A nazarin bayanai tambayoyi huɗun ƙarshe gaba ɗayansu ba su kai minti biyu ba, domin cankar su kawai na yi agogo yana kora ta. Da ina zaton matsalata ƙarancin ilimin lissafi ce, tunda na daɗe da barin makaranta. Rahoton ya nuna mini wani abu daban.

Sai na ware mako 12, na sa ranar sake zama a ƙarshensu. Ƙa'ida ta yarda mutum ya sake bayan kwana 16, kuma har sau biyar a cikin wata 12, amma komawa da wuri da kai iri ɗaya asarar kuɗi ce kawai.

Makon farko ban koyi sabon abu ko ɗaya ba. Na sayi littafin rubutu mai kauri, na koma kan tambayoyin da na yi wa jan biro, na sake yin ɗari daga cikinsu a natse ba tare da agogo ba. Kowace ɗaya na ba ta rabin shafi: nau'in tambayar, amsar da na zaɓa da farko, amsar gaskiya, sannan layi ɗaya da nake tilasta wa kaina rubutawa, wato dalilin faɗuwa. "Ban kula ba" ba na karɓar sa a matsayin dalili. Sai na rubuta ainihin abin da ban kula da shi ba, misali "an ce a nemo adadin da ya rage, ni kuwa na ba da adadin da aka sayar," ko "na manta lamba tana iya zama ƙasa da sifili." Har tambayar da na ci bisa sa'a ina shigar da ita, domin canka da ta dace ita ma rashin sani ce, fuska kawai ta sauya.

Da na ƙirga a ƙarshen makon, waɗanda na faɗi saboda ban san darasin ba sam ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kusan duk a wurare biyu suke: lissafin yiwuwar aukuwar abu, da tambayoyin aiki da gudu, irin su famfo biyu suna cika tanki ɗaya. Sauran duk abubuwa ne da na sani. Wasu na karanta tambayar a gurguje na amsa abin da ba a tambaya ba, wasu na yi tuntuɓe a ninkawa ko rabawa, domin a sashen lissafi babu kalkuleta, a nazarin bayanai kaɗai ake ba da ita. Wata ukun farko ina bin littafi babi bayan babi, ina ba abin da na iya da abin da ban iya ba lokaci daidai wa daida. Sabon jadawalin daga littafin kurakuran nan na fitar da shi.

Na kuma sauya lokacin karatu. Da daddare nake yi a da, kai ya riga ya cika da hayaniyar ofis, ina karanta layi ɗaya sau uku. Na mayar da shi asuba, awa ɗaya da rabi, kwana biyar a mako. Minti 45 na amsa tambayoyi, daidai tsawon sashe ɗaya, minti 45 na bitar abin da na amsa. Rana ɗaya a ƙarshen mako ina yin awa uku, rana ɗaya kuma ba na taɓa littafi. Yawan tambayoyin da nake yi a rana ya ragu zuwa 12 ko 15, abin da da farko ya dame ni ƙwarai, ina jin kamar ja da baya nake yi.

Inda na fi daɗewa shi ne wani nau'in tambaya a sashen nazarin bayanai, wanda ba amsa yake nema ba, so yake ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a samu amsa. Ga irin wadda ta kayar da ni. Kamfani yana da sassa biyu, matsakaicin shekarun ma'aikatan sashe na farko 30 ne, na biyu 40. Shin matsakaicin shekarun ma'aikatan kamfanin gaba ɗaya ya haura 35? Bayani na ɗaya ya ce sashe na biyu ya fi na farko yawan ma'aikata. Bayani na biyu ya ce jimillar ma'aikatan 90 ce. Ni da na saba da lissafin makaranta, sai hannuna ya tafi neman ainihin lambar, na haɗa bayanan biyu, na ga ba su ba ni ita ba, na ce bayani bai isa ba. Alhali ba a tambaye ni lambar ba. Idan sassan biyu yawansu ɗaya, matsakaicin 35 ne cif. Idan na masu 40 sun fi yawa ko da da mutum ɗaya ne, dole ya haura 35. Bayani na ɗaya shi kaɗai ya wadatar, na biyu kuwa ba ya faɗin komai a kan rabon. Aikin daƙiƙa 40 ne, ni na ɓata masa minti uku na kuma faɗi. Daga ranar, kafin in kalli bayanan biyu sai na rubuta a gefe: "me ake tambaya, e ko a'a, ko lamba?" Sannan in rufe bayani na biyu da hannuna har sai na gama da na ɗaya, domin ido yana satar abin da ya gani a ƙasa ya kai shi sama ba tare da mutum ya sani ba.

A gaskiya na zo na ƙaunaci irin waɗannan tambayoyin. Su ne suka fi kama da aikin da nake yi kullum, inda shugaba zai tambaye ka ko za a iya yanke shawara da alƙaluman da ke hannu ko sai an nemo ƙari.

Tambayoyin auna hujja ma suna da nasu tarkon. Za a ce wani kamfani ya saki sabuwar talla, a watan ciniki ya ƙaru, manajan ya ce tallar ce ta jawo. Wanne cikin zaɓi biyar ya fi raunana maganarsa? Akwai zaɓin da zai ce tallar ta ci kuɗi da yawa. Gaskiya ne wataƙila, kuma yana jan hankalin duk mai tunanin riba, amma bai taɓa maganar manajan ba, domin shi bai ce tallar tana da araha ba. Zaɓin da ya ce a watan ne babban abokin gogayyarsu ya rufe shagunansa, shi ne ya kawo wani dalilin ƙaruwar cinikin. Littafina ya nuna mini sau da yawa ina zaɓar abin da yake gaskiya a duniya maimakon abin da ya shafi hujjar da ke gabana. Maganin da na samu shi ne in faɗi matsayar mai maganar da kalmomina, a taƙaice, kafin in kalli zaɓuɓɓukan.

Karatun dogayen rubuce-rubuce ban yi masa wata dabara ba. Turanci ba harshen da na tashi da shi ba ne, don haka kullum ina karanta maƙala ɗaya mai nauyi a kan kimiyya ko tarihi ko tattalin arziki na minti 20, ina rubuta aikin kowane sakin layi a kalmomi biyar: wannan ya kawo tsohon ra'ayi, wannan ya soke shi, wannan ya ba da misali. A hankali saurina ya ƙaru.

Daga mako na shida na shigo da agogo. In ka raba minti 45 ga tambaya 21, kowacce tana samun minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Kallon agogo a kowace tambaya yana tayar da hankali, don haka na kafa wa kaina shingaye biyu kawai a lissafi: in na gama ta bakwai ya kasance saura minti 30, in na gama ta 14 saura 15. Abin da ya fi wuya shi ne koyon sakin tambaya. Jarrabawar tana bin sawun mutum ne, in kana ci tana ƙara tsauri, in kana faɗuwa tana sassautawa, saboda haka haɗuwa da tambayar da ta fi ƙarfinka ba alamar lalacewa ba ce, kuma ana iya faɗuwa wasu a samu maki mai kyau. Abin da ba ta yafewa shi ne barin tambayoyi ba amsa a ƙarshe, akwai ragin maki a kan haka. Na sani a kaina, amma zuciya ba ta yarda. In na zuba minti biyu a tambaya sai in ji saura ƙiris, in ƙara ɗaya, in ƙara wani. Maiɗakina ce ta taimaka mini a nan. Wasu ranakun takan zauna da agogon waya, in minti biyu da rabi suka cika ta ce, "Wuce." Ranar farko har na yi mata gardama, na ce na kusa. Ta ce, "Kai ka ce in ka ce ka kusa kada in saurare ka." Na canki amsa, na sa wa tambayar alama, na wuce. Sabon salon ya yarda mutum ya koma kan tambayoyin sashe in lokaci ya rage masa, ya sauya amsa har guda uku. Sanin cewa ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba shi ya sauƙaƙa mini sakin.

Gwaje-gwajen hukumar na cikakkiyar jarrabawa ba su da yawa, biyu na farko kyauta ne sauran saye ake yi, don haka na yi tattalinsu. A mako na biyar na samu 615, na ji daɗi. A na takwas na sauko 585. Ranar ban iya komai ba. Da daddare na biya kuɗin wani kwas na intanet mai alƙawarin ƙarin maki cikin wata ɗaya, na yi kwana biyar a kansa. Tambayoyinsu na lissafi wahala ce tsagwaronta, dogayen ninke-ninke marasa dabara, na auna hujja kuwa sau da yawa amsa biyu suna iya zama daidai. Suna koya wa mutum shakkar tunaninsa ne kawai. Na bar shi na koma kan tambayoyin hukumar. Da na zauna na bi gwajin 585 ɗin tambaya bayan tambaya, sai na ga ba ilimi ne ya zube ba. Na yi shi ne da yamma bayan mako mai nauyi, kuma na fara da fahimtar rubutu, na bar nazarin bayanai a ƙarshe lokacin da kaina ya gaji. Mutum shi yake zaɓar jerin sassan, da inda zai ɗauki hutun minti 10, bayan sashe na farko ko na biyu. Na gwada jeri uku kafin in tsaya a kan nazarin bayanai da farko, sai lissafi, sai hutu, sai fahimtar rubutu. Ba na cewa wannan ne daidai ga kowa. Ni dai teburan alƙaluma da zane-zanensu suna buƙatar idona tun yana sabo.

A mako na tara ɗana ya kwanta rashin lafiya, aikin rufe lissafin ofis kuma ya zo a lokaci ɗaya. Kwana goma ban buɗe littafi ba. Jadawalina bai bar gurbin irin wannan ba, kowane mako na cika shi maƙil kamar rayuwa za ta tsaya ta jira ni. Na ɗaga ranar jarrabawar da mako biyu, abin da ya ja mini ƙarin kuɗi. Da zan sake tsarawa, da mako biyu zan bari fanko tun farko. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na dawo ban tarar na manta da yawa ba. Na karanta littafin kurakuran daga farko zuwa ƙarshe a zama biyu, hannuna ya dawo.

Makonni ukun ƙarshe gwaji ɗaya nake yi a mako, a daidai sa'ar da zan zauna ta gaske, waya a kashe, hutu minti 10 ba ƙari. Washegari gaba ɗaya na bita ne. Na samu 635, sannan 645, sannan 645. A cibiyar jarrabawa ba a ba da takarda da fensir, wani ɗan littafi mai santsi ake bayarwa da alƙalami mai tawada, kuma a karon farko rubutu a kansa ya rikita ni. Don haka na nemi makamancinsa na riƙa yin lissafina a kai. Kwana biyu kafin ranar na rufe komai, in ban da shafuka huɗu da na tattara kurakuran da suka fi maimaituwa.

Ranar jarrabawar, tambaya ta tara a nazarin bayanai ta zo da shafuka uku na bayani, saƙonni biyu da tebur guda, kuma na karanta sau biyu ban kama zaren ba. Na ji zafin nan yana hawowa ta wuyana, irin na karon farko. Na dubi agogo, na zaɓi amsar da ta fi kama da hankali, na sa alama, na wuce. Na gama sashen da saura minti uku, na koma kanta, sai ga abin da ya ɓace mini a layin ƙarshe na saƙo na biyu, wani sharaɗi a kan ranar isar da kaya. Na sauya amsar. A lissafi na saki tambaya biyu ban ko koma kansu ba. A hutu na wanke fuska, na yi tafiya zuwa ƙarshen baranda na dawo.

Allon ya nuna 655. Lissafi 84, fahimtar rubutu 83, nazarin bayanai 81. Alhamdu lillahi. A jadawalin kwatance na hukumar, 645 a sabon salo tana daidai da kusan 700 a tsohon, don haka lambar ta fi yadda take a ido ga wanda ya saba da tsohon ma'auni. Da na kira Yaya ya tambaye ni ko zan sake zama in nemi ƙari. Na ce a'a. Makin yana aiki har shekara biyar, ya shiga layin makarantun da nake nema, kuma saura mako bakwai a rufe karɓar takardu, ban rubuta ko layi ɗaya na bayanin kaina ba, ban kuma yi magana da waɗanda za su rubuta mini wasiƙar shaida ba. Ya ce, "To ka hanzarta, wasiƙun nan su suka fi cin lokaci, domin ba a hannunka suke ba."

Da sakamakon hukuma ya fito, ana ba mutum awa 48 ya aika shi kyauta zuwa makarantu biyar. Na aika wa huɗu a daren. Ta biyar sai da na kwana ina auna tsakanin guda biyu, na zaɓa da safe kafin in fita aiki, sannan na tura wa tsohuwar shugabata saƙo ina neman ta ba ni minti 15 a cikin makon.